Yadda Bakina Ya Kusa Kashe Irin Nonon Inna

Ana idar da sallar asuba ranar Laraba muka bar Kano, mu huɗu a mota ɗaya: ni, da ƙawata da nake kira Dakta, da wata Hajiya mai zuba jari, da direbanta. Ku da kuke bibiyata kun san ni da son yawo, amma ban taɓa yin tafiyar da ɗokinta ya sa na haɗa jaka tun kwana uku kafin ranar ba sai wannan. Nono muka tafi nema. E, nonon shanu, wanda kuke dama fura da shi. Ku dai biyo ni, ni ma da aka fara faɗa mini dariya na yi.

Ni da Dakta benci ɗaya muka zauna a sakandare a Gumel. Ni na karanta koyarwa na tsaya nan, ita kuwa ta bi ilimin ƙananan halittu, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ɗakin gwaji, har ta yi digiri na uku a ƙasar waje. Ta yi shekaru tana aiki a wani kamfani a can, wanda yake sarrafa irin da ake zuba wa madara ta zama yogot. Albashi mai kauri, gida mai kyau, ba ɗauke wuta. Rana ɗaya ta ajiye duk wannan ta dawo Kano, ta kama shago biyu ta fasa bangon tsakiya ta mayar da su ɗakin gwaji, ta ɗauki ma'aikata biyar, ta ce kamfani ta buɗe. Mahaifiyarta har yau idan aka tayar da zancen sai ta ce a canja hira.

Abin da take son yi ba shi da wuyar ganewa. Masu yin yogot a garuruwanmu daga waje suke sayo iri, gari ne a 'yar leda, kuma ba ya son zafinmu ko kaɗan. Wuta ta ɗauke, firiji ya huce, shi ke nan an yi asara. Dakta ta ce akwai ƙwayoyin halittar da suka saba da ranarmu, suna nan cikin ƙoren matan Fulani, kullum ana ɗibar na jiya a zuba a madarar yau, tun kaka da kakanni. In ta samo mai kyau ta tace shi ta raya shi, za ta mayar da shi gari ta sayar wa masu yogot. Ta zaga rugage da yawa ba ta sami wanda ya kwanta mata a rai ba. Sai ta tuna kindirmon da Innata, ƙanwar mahaifiyata, ta kawo mini daga rugarsu ta wajen Gagarawa ranar sunan autana. Kwana uku ya yi a ɗakina cikin zafin Kano bai tsinke ba, bai yi tsamin da zai tsuke baki ba. Dakta ta sha a rana ta uku, ta sake sha. Ashe tun ranar ta ƙulla abin a ranta.

Hajiya kuwa 'yar dillalin riɗi ce a Maigatari. Ta yi aikin banki shekara da shekaru, ta bari ta koma fitar da riɗi da zoɓo ƙasashen waje. A mota take ba mu labari cewa wata shekara an dawo mata da kaya gaba ɗaya, saboda wani mai farar riga a can ya duba a madubi ya ce ya ga abin da bai yi masa ba. Ta ce ranar ta gane mai madubi shi ne yake yanke wa ɗan kasuwa hukunci, don haka ta fara saka kuɗinta a kamfanonin masu kimiyya. Ta taɓa saka wa wani kamfani ya rushe, kuma ba ta ɓoye ba. Sharaɗinta da Dakta ɗaya ne: sai ta ga inda abin yake fitowa da idonta, sannan ƙarshen mako ta yanke ko za ta shiga ko ba za ta shiga ba. Idan ba ta shiga ba, abin da ya rage a hannun Dakta ba zai kai kamfanin ƙarshen shekara ba, ga tsohon wurin aikinta sun rubuto suna kiranta. Ni dai ba na so ƙawata ta sake tafiya, wannan shi ne gaskiyar abin da ya sa na fi kowa rawar jiki.

Hanyar ta yi mana daɗi. Kaka ce, daga Gezawa zuwa gaba duk inda ka duba dammunan gero ne a jingine, ga dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje. Mun tsaya Gujungu muka karya da shayi da ƙosai. Ƙosan naira ɗari biyar da na saya, da kyar ya rufe tafin hannuna, na ce wa mai tuyar ko waken daga Makka ake kawo shi, ta ce in je gona in tambayi manomi. Hajiya, duk kuɗinta, sai da ta nemi gyara, kuma aka ba ta. Dakta ba ta ci komai ba. Kowane minti goma sai ta juya ta taɓa kular ƙanƙarar da ke bayan mota, inda ta jera 'yan kwalabenta da aka dafa aka rufe, kamar mai jego da jariri.

Da muka iso Gagarawa Tasha muka tsallaka layin dogo muka sauka daga kwalta. Daga nan sai rairayi da gonakin riɗi, an yanke shi an kafa tsaye a ɗaure yana shan rana. Hajiya ta leƙa ta taga ta ce riɗin bana ya yi ido, ta fara lissafin buhu a kanta, sai da muka tuna mata abin da ya kawo mu. Sau biyu direba ya sauka ya rage iskar taya. Ni ce mai nuna hanya, ina gaba ina ta baza hannu, ga tsamiyar da muke hutawa, ga rijiyar da na taɓa jefa takalmina. Zuciyata fal, don a ganina ni na haɗa wannan alheri.

To, ga inda laifina yake. Kwana goma kafin tafiyar na kira Inna a wayar mijinta. Maimakon in ce mata ga ni nan zuwa da ƙawata mu sha nono, sai na cika baki. Na ce babbar likita ce za ta zo daga Turai musamman don ta duba nononta, da madubi da komai, tare da wata babbar Hajiya. Na ce ta shirya. Kalmar nan ta "shirya" da na faɗa ita ta jawo komai.

Mun tarar da ruga an share ta tas har bayan bukkoki. Inna ta fito da sabon zane, tana ta jaɓɓama da lale, ta rungume ni, ta riƙe hannun Dakta ta ƙi saki. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar aduwa. Amma tun kafin in zauna na ji wani abu bai yi daidai ba. Gadon ƙoren Inna, inda take jera ƙorenta masu zane da faya-fayai, babu ƙwarya ko ɗaya. Sababbin bokitan roba ne jere, shuɗi da ja, har da takardar shago a jikinsu.

Inna ta kawo kindirmo a sabon kwanon silba. Dakta ta yi bismilla ta kai ludayi baki. Na ga fuskarta ta canja. Ta shinshina, ta sake kurɓa kaɗan, ta ajiye ludayin a hankali.

"Inna, wannan da wane iri kika yi shi?"

Inna ta yi murmushin wanda ya ci jarrabawa. Ta shiga bukka ta fito da wata robar yogot ta shago, babu komai a ciki, ta ɗaga mana. "Da irin birni, 'yata. Da 'yar nan ta ce likita za ta zo dubawa, na ce ba za a same ni da ƙazanta ba. Na sa aka sayo mini wannan a Gumel. Ƙoren kuwa na wanke su da garin sabulu da ruwan zafi, na zuba musu maganin nan mai warin asibiti, na shanya su kwana uku. Tsohon irin duk na zubar."

Dakta ta dube ni, na dubi ƙasa. Sannan ta ce da Hajiya, murya ƙasa-ƙasa: "Wannan ai na san shi. Shekara nawa ina yi masa aiki a can. Ashe ya riga ni zuwa Gagarawa."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Muka tambayi maƙwabta, gida huɗu ne a rugar, sai muka tarar duk sun bi Inna, don dama wurinta suke ɗibar iri idan nasu ya mutu. Da Dakta ta yi wa Inna bayani cewa tsohon nan da ta zubar shi ne muka taso tun daga Kano dominsa, Inna ta zauna daɓas a kan turmi. Can ta ce irin nan daga hannun uwarta ta karɓe shi, ita ma daga tata uwar. Ta ce dama tun da ta koma na birni nononta kwana ɗaya yake yi ya tsinke ya zama ruwa, masu sayenta a tasha sun fara cewa ko ta soma haɗawa da ruwa ne, ita da ba ta taɓa yi ba. Ta yi shiru ne kawai don ta ɗauka haka ci gaba yake. Nan idona ya kawo ruwa, don ba Dakta kaɗai na cuta ba, har da tsohuwar da ta yarda da maganata.

Hajiya ta bari muka gama jimami. Sannan ta gyara zama ta yi tambaya irin ta 'yan kasuwa: a duk shekarun nan, wa Inna ta taɓa ba wa irin ya tafi da shi nesa? Inna ta ɗaga kai. Ta ce akwai 'yarta da ke zaune wajen Sule Tankarkar, ranar da ta tare ta ba ta ƙwarya guda da iri a ciki, kamar yadda aka yi mata. Amma bana sun matsa da shanu, ba ta san daidai inda suka sauka ba. Abin da ta sani, duk Alhamis takan kai nono kasuwar Maigatari. Gobe Alhamis! Na miƙe tsaye na zaro waya, na ce bari in nemi lambar mijin 'yar in gaya masa muna tafe. Hajiya ta miƙo hannu ta karɓi wayar, ta jefa a jakarta ta ja zif.

"Malama, ke da waya sai Kano," in ji ta. Har Inna da ke cikin baƙin ciki sai da ta yi dariya.

A Gumel muka kwana, gidan yayan mahaifina. Garin ya ƙara cika, keke napep ko'ina kamar an zubo su daga buhu, kuma kuɗin da na san ana biya daga tasha zuwa unguwarmu ya ninka har na daina tambaya. Matar baffan nawa ta yi mana tuwon gero miyar kuka da man shanu, Dakta ta ci loma uku ta ce ta ƙoshi. Bayan la'asar na ja ta muka zaga ta bayan tsohuwar makarantarmu. Ta nuna mini tagar ɗakin gwajin da muka fara leƙa madubi, wanda mu arba'in muke layi a kan guda ɗaya. Ta ce ranar da ta ga abu yana motsi a cikin ɗigon ruwan kududdufi, ranar ta san abin da za ta yi da rayuwarta. Ni na tuna ranar, amma abin da na ɗauka daga ciki shi ne na daina shan ruwan randar makaranta. Ta ce mini mutane suna ɗauka shugabancin kamfani kujera ce mai juyawa, alhali rabin aikinta neman man janareta ne da lallashin ma'aikata kada su gudu. Ban ba ta haƙuri da baki ba, na kasa. Na dai saya mata ƙanƙara sabuwa da kuɗina, don ta Kano ta fara zama ruwa.

Da sassafe muka kama hanyar Maigatari. Jama'a, in ba ku taɓa zuwa kasuwar nan ranar Alhamis ba, ku sa ta a lissafi. Tun kafin ka shiga gari za ka fara haɗuwa da manyan motoci da garken shanu masu ƙaho kamar an auna, ga raƙuma suna tafe suna kallon kowa a raine. Ga 'yan canji riƙe da sefa da naira, ga buhunan zoɓo ja wur, ga kanwa, ga dabino. Hausar ma kala biyu ce, wannan ya ce miki Hajiya, wancan ya ce madam. Dakta ta ga cuku, busasshen nonon nan da ake kawowa daga Nijar, nan take ta manta baƙin cikinta ta sayi uku, ta ce ɗaya na ci biyu na madubi.

Hajiya kuwa gida ta zo. Tsofaffin dillalai suna ta tasowa suna gaishe ta da sunan mahaifinta, wani ya ce ya san ta tun tana riƙe wa Alhaji bakin buhu. Ita ta ja mu har layin masu nono. Mata sun fi talatin a zaune, kowacce da ƙwaryarta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina leƙa fuska, 'yar Inna ba ta cikinsu. Sai wata dattijuwa da ta ji ina kwatance ta ce ai ta san ta, ba ta zo ba ne don ta haihu, yau kwana goma sha biyu. Ashe ko Inna labarin bai kai mata ba tukuna. Ta kwatanta mana rugar: a wuce garin Sule Tankarkar, a bi hanyar da ta yi arewa daga bakin wata kuka mai rami, a tambayi masu babur. Na saya mata goro na rungume ta, ita kuma tana ta mamakin abin da ya same ni.

Muka dawo ta Gumel muka yi yamma. Rana ta take, motar kamar tanda, ƙanƙarar da na saya jiya ta fara ƙara a cikin kula kamar ana kaɗa ruwa. A Sule Tankarkar muka yi azahar, muka nemi ƙanƙara shago uku babu, an ce wuta ta kwana biyu ba ta zo ba. Motar Hajiya ta kai bakin kukar nan ta ce ba ta san zance ba, rairayi ya fi ƙarfinta. Muka hau babura uku. Ku yi tunanin Hajiya da leshinta mai tsada a bayan babur, tana riƙe da mayafi da hannu ɗaya tana yi wa mai babur faɗa ya rage gudu. Dakta ta rungume kula a cinya. Ni ina baya ina addu'a, ina dariya, ina sake addu'a.

Ba wanda ya san da zuwanmu, kuma haka aka so. 'Yar Inna ta fito da jaririya a kafaɗa, ta gan ni ta yi salati: "Adda! Ke ce da rana tsaka haka? Lafiya?" Ta fara kame-kame tana neman ɓoye ƙorenta, wai ba ta gyara wuri ba. Dakta ta ce don Allah kada ta taɓa komai. Ga su nan a kan gado, ƙore huɗu, sun yi duhu don tsufa, an rufe da faya-fayai. A cikin babbar na gane zanen Inna.

Sai dai mun zo a makare. Da yake tana jego, 'yan barka sun shanye nonon ranar. Abin da ya rage shi ne ɗan wanda ta keɓe a ƙaramar ƙwarya don ta zuba a madarar yamma. Dakta ta ɗanɗana da bakin cokali. Ta rufe ido, sai na ga hawaye. Ta ce, "Shi ne." Na yi guɗa a rugar mutane har jaririya ta farka.

'Yar Inna ta cire wanda zai ishe ta, ta miƙo mana sauran, bai fi ludayi ɗaya da rabi ba. Hajiya ta buɗe jaka ta zaro kuɗi masu yawa. Yarinyar ta ja da baya kamar an miƙo mata wuta.

"A'a Hajiya, ba a sayar da iri. Bayarwa ake yi. Amma duk wadda ta karɓa, ranar da na mai ba ta ya mutu, ita za ta mayar mata. Haka muka taras."

Da muka ba ta labarin abin da ya faru a Gagarawa, ta dafe ƙirji. Ta ce to ai wannan ma ba nata ba ne, na Inna ne, kuma ita ba za ta iya fita ba sai ta yi arba'in.

Dakta ta raba ludayi da rabin nan a kwalabe uku, ta rufe ta sa a kula. Da muka koma mota, direba ya buɗe kular ya ce ƙanƙarar da ta rage ba ta fi ƙwai biyu ba. Ya ce in muka miƙe ba tsayawa za mu shiga Kano da ɗan sanyinta. In kuwa muka sake sauka rugar Gagarawa, shiga da fita a rairayin nan zai ci mana fiye da awa ɗaya, kuma ba tabbas mu sami ƙanƙara a hanya. Dakta ta riga ta gaya mana cewa in samfurin ya ɗumama da yawa, waɗansu ƙwayoyin za su rinjayi waɗansu, wanda take nema yana iya ɓacewa a cikinsu. Kuma uku ta so ta kai, don in ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi. Na ce mata mu wuce, ni zan dawo mako mai zuwa in karɓo wa Inna. Ta ce mako mai zuwa nawa ne masu sayen Inna za su rage? Ta ce wa direba, "Malam, rugar Inna za mu fara." Hajiya tana kallon taga.

A Gumel muka yi sa'ar ƙanƙarar leda guda biyu wurin mai sayar da zoɓo, rabinta ruwa, muka saya a farashin da ba zan faɗa ba don kada ku yi mini dariya. Mun isa rugar Inna bayan la'asar. Dakta ta durƙusa a gabanta ta buɗe kwalba ɗaya, wadda ta fi cika, ta miƙa mata da hannu biyu. Inna ta shinshina. Ba ta tambayi daga ina ba, ta sani. Ta tashi ta shiga bukka ta fito da tsohuwar ƙwaryarta da ta kife a bayan gado, ta ɗauraye da ruwa zalla, ta zuba madarar da ta dafa ta huce, ta juye irin a ciki har tana kwankwasa gindin kwalbar, ta rufe da faifai. Sannan ta dafa kan Dakta ta sa mata albarka da Fulatanci, doguwa, wadda ko ni rabinta na gane.

Sai a nan Hajiya ta yi magana. Ta ce wa Inna in Allah ya sa abin ya yi, za a rubuta a takardar kamfani cewa irin nan daga hannunta ya fito, kuma ita da 'yarta suna da rabo a duk abin da ya kawo, za ta turo a karanta musu a gaban mijinta da mai unguwa. Inna ta ce ita dai nononta ya kwanta tukuna. Da muka hau kwalta, Hajiya ta ciro wayata ta miƙo mini, ta juya ta ce wa Dakta ta turo mata takardun ranar Litinin, ta yarda za ta zuba jarin. Dakta ta ce, "Hajiya, ai ba mu san ko zai tsiro ba." Hajiya ta ce ta sani. Ta ce wancan da ya rushe da kuɗinta kayansa sun tsiro sarai, abin da bai iya ba shi ne mayar wa mutane abinsu. Direba ya ce Allahu akbar, ni kuwa na rasa abin yi sai na fara rabon cuku.

Mun shiga Kano ana kiran isha, kai tsaye ɗakin gwaji muka fara sauke kwalabe biyun, da ɗan sauran sanyi a jikinsu, kafin a kai ni gida. Na tarar yara sun cinye abincina, maigidan yana tambaya ina tsarabar nono, na ce ya yi haƙuri, nonon da muka samo ya fi ƙarfin fura.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya shige ni. Na ga yadda aikin masu kimiyya da masu zuba musu jari yake a zahiri: rairayi, da babur, da ƙanƙarar da ke narkewa, da yanke shawara ba tare da tabbas ba. Na kuma ga cewa abin da muke saurin ɓoyewa idan baƙo zai zo, wani lokaci shi ne abin da baƙon ya yi digiri uku yana nema. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane, ni ce na sa Innata ta ji kunyar ƙwaryar uwarta, kuma ba zan manta da wannan ba.

Ranar Lahadi Dakta ta turo mini hoton wani ɗan faranti mai murfi, da ɗige-ɗige farare a kai. Kwalba ɗaya ta ƙi, ɗaya ta tsiro. Ta ce sauran aikin wata da watanni ne, kada in fara shela, shi ya sa ma sai da ta karanta wannan ta yarda kafin in sa muku. Amma kiran da ya fi faranta mini rai tun ranar Juma'a da safe ya zo, daga wayar mijin Inna. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba.

"'Yar nan, ki gaya wa likita nono ya kwanta. Maƙwabta ma sun zo sun ɗiba." Sannan ta ce, "In za ku sake zuwa, ku zo kawai. Kada ki kira."